Fartanya Mai Kunama

Zafi ne ya fara tarbata a Doha, tun kafin in ga fuskar wanda aka ce zai zo ɗaukata. Ni Lawali, da na tashi a Zamfara ina noma rana tsaka ba hula, na ɗauka babu abin da rana za ta koya mini. Ƙofar filin jirgi na buɗewa na ji kamar an kife ni da murfin tukunyar ɗanwake. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddar da na ɗinka don Larabawa su san ɗan mutunci ya iso.

Babu Balaraben da ya kalli shaddar. Wani ɗan Nepal ne ya ɗago kwali da sunana a rubuce ba daidai ba, ya ce mini yalla, ya tura ni cikin wata farar bas. Ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse mini cewa direban gidan wani attajiri zan zama, aikina kai yara makaranta a mota mai sanyi. Da gari ya waye aka miƙo mini baƙin wando, riga mai tambari a kafaɗa, da hular da ta yi mini yawa. Na ce akwai kuskure, ni direba ne. Mutumin ofis ya nuna mini takardar da na sa wa hannu, ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Albashin ma ba wanda aka faɗa mini ba ne. Na kira ejan, layinsa a kashe, kuma har yau a kashe yake. Allah ya isa dai na yi masa ta, na kuma maimaita.

Aka ajiye ni a filin ajiye motoci na wani babban kanti a Gharrafa. Kayan aikina usur da rediyon oba-oba, sai ƙafafuna. In nuna wa wannan gurbi, in hana wancan tare hanya, in sha harara daga yaran da ban haifa ba amma na girme su nesa. Ranar farko na ɗauki hoto da kakin, na ƙame kamar kwamanda, na tura gida. Ƙanena Habibu ya zagaye gari da hoton yana cewa yayansa ya zama jami'in tsaro a Ƙatar. Ban gyara masa ba. Wa zai tsaya yana bayanin usur?

Watannin farko sun ba ni wuya. Masaukinmu can bayan gari yake, ɗaki cike da mutanen da ba ma jin yaren juna, kowa da ƙamshin girkinsa. Kullum shinkafa da wata miyar wake mai ruwa-ruwa, sai gurasar Larabawa. Na yi kewar tuwon Inna har ina jin haushin cokali. Na yi kewar a kira sunana yadda ake kiransa a gida. Akwai ranar da na tsaya tsakanin motoci na ji hawaye na bin fuskata, na bar shi ya gauraya da gumi, babu wanda ya lura.

Wata Juma'a bayan an idar da salla ina neman takalmina ina mita ni kaɗai, sai na ji an ce a bayana, “Massa, ga takalminka nan, ba wanda ya sace shi.” Na juya da sauri. Wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, yana dariya. Baba Seidu ke nan, mutumin Zangon Kumasi, direban motar kai kaya, ya daɗe a Doha har ya san ta fiye da wasu masu ita. Hausarsa ta ba ni dariya tun a ranar, domin a bakinsa babu mace, kowa namiji ne. Matarsa ya yi waya, 'yarsa ya haihu. Na ce masa Baba, wannan Hausar taku a hanya ta zubar da rabin kayanta. Ya ce tasu ta yi tafiya ta ga duniya, tamu ce ke zaune a gida tana fama da tsegumi.

Ya ja ni ɗakinsu ya zuba mini shinkafa da wake irin tasu, da wani baƙin yaji mai kifi da ya sa na yi atishawa har ya tausaya mini. Daga baya, da kamfaninmu ya yarda a ba wanda ke so kuɗin masauki ya nemi nasa, shi ya samar mini gado a ɗakinsu, a unguwar tsohon filin jirgi da ake kira Matar Kadim. Da na gaya wa Inna a waya cewa yanzu a Matar Kadim nake kwana, sai ta ce, “Shi Kadim ɗin ya sani?” Baba Seidu ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Wannan dariyar ba ta daɗe ba. Ina bakin aiki wata safiya saƙonni suka yi ta shigowa. 'Yan bindiga sun afka wa ƙauyenmu, sun kore shanu, sun ƙone rumbuna, sun kashe mutane, ciki har da Sanusi, abokin Habibu da suka tashi tare kamar tagwaye. Inna da Habibu sun tsira da kayan jikinsu, sun gudu cikin gari, suna kwana a wata makarantar firamare da sauran jama'a. Mahaifinmu ya riga ya rasu tun ina gida, ni ne babba, ga ni kuma a wata duniya ina hura wa motoci usur. Ban taɓa jin na tsani kakin nan ba kamar ranar.

Na tura abin da zan iya. Habibu ya daina wasa a waya. Da can ba ya gama magana sai ya tsokane ni, yanzu sai eh da a'a. Shi na fi jin tsoro a kai, domin na san zuciyarsa, irin tawa ce, sai dai tasa ba ta da birki.

Bayan wani lokaci aka ce gwamnati ta raba tallafi ga waɗanda suka rasa muhalli. Da sunan iyaye mata aka bayar, Inna ta samu nata. A daidai lokacin wani bawan Allah a garin ya ba 'yan gudun hijira aron fadamarsa su yi noman rani. Sai ga saƙon murya daga Habibu, muryarsa da ƙarfi kamar da. Ya ce shi da abokansa huɗu sun karɓi tallafin iyayensu sun haɗa wuri guda. Sun ba Kawu Ummaru maƙeri aikin fartanya, kowa da tasa, sauran kuɗin kuma za su sayi iri ranar kasuwa. Ya ce, “Yaya, kai ka san aikin nan, ai ba sai na yi maka bayani ba.”

Na ce wane bayani, ni da aka haifa a kunya? Daɗi ya kama ni har na kasa zama. Na ƙara masa da nawa, na ce a sayi iri mai kyau, kada a yi rowa, a cika gonar taf. Na kunna wa Baba Seidu saƙon, na kunna wa 'yan ɗakinmu har da wanda ba ya jin Hausa. Na yi ta cika baki cewa mu 'yan gidanmu ko an kayar da mu da fartanya muke tashi. Na ɗan yi mamakin tsadar fartanyar, amma komai ya yi tsada a gida, sai na zagi masu mulki na wuce.

Kawu Ummaru aminin mahaifinmu ne, ba ɗan'uwa na jini ba, amma a maƙerarsa muka yi wasa muna yara, muna rigimar wanda zai ja zugazugi. Shi ma gudun ya kawo shi gari, ya kafa 'yar rumfa a bayan kasuwa. Na san hannunsa da sauri, don haka da kwanaki suka ja ban ji an shiga gona ba na tambayi Habibu. Ya turo amsa a gurguje, ana hayaniya a bayansa: Kawu ya kusa gamawa, kunama ce ta tsayar da shi.

Na ce subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya, na ajiye waya na ci gaba da cin abincina. Baba Seidu da ke ninke kaya ya ɗago kai ya tambaye ni wa kunama ta harba. Na gaya masa. Ya ce to na kira shi? Na ce zan sa Habibu ya gaishe shi. Dattijon nan ya ajiye rigar da ke hannunsa ya dube ni kamar na yi sata.

“Abokin babanka kunama ya cije shi, kai kana aika yaro? Ku 'yan Najeriya kuna ce mu ba mu iya Hausa ba, amma mu mun iya gaisuwa. Yalla, kira shi.”

Kunya ta sa na nemo lambar. Washegari lokacin hutun rana na laɓe a inuwar wata babbar mota na kira. Kawu ya ɗauka, ina jin ƙarar guduma a kusa da shi. Muka gaisa, ya sa mini albarka, ya tambayi Larabawa. Na ce Kawu ya jiki, ashe abin da ya faru ke nan, a hannu ne ko a ƙafa?

“Wane jiki, ɗan nan? Lahiyata lau.”

Na ce kunamar da ta harbe shi. Na ji ya ce wa wani ya dakata da bugun, na ji takunsa yana matsawa daga mutane. Sannan ya rage murya.

“Lawali, wace irin fartanya kaka tsammani nike ƙerawa?”

Na jingina da motar, na ce ya yi mini bayani. Kawu ya warware mini komai a hankali. Tun bayan da na bar gida, ba mai furta sunan bindiga a waya ko a kasuwa, don ba ka san wanda ke saurare ba, ko na daji ko na hukuma. Fartanya ake cewa. Harsashi kuma iri. Kunamar da ta tsayar da shi ita ce wadda ake ja da yatsa, bai samu ƙarfen da ya dace ba. Ya ce shi tun farko bai so aikin ba, ya kore su sau biyu. Sai suka kunna masa muryata ina cewa a cika gonar taf, suka nuna masa hotona da kaki, suka ce yayansu jami'in tsaro ne a waje, ya san abin da yake yi. Ya ce jibi ne kasuwa, ranar za su karɓo irin, kuma ba gadin gari suke shiri ba. Daji za su shiga neman waɗanda suka kashe Sanusi.

Yara biyar da harba-ka-ruga, za su je wurin mutanen da ke da bindigogin da ko sojoji na shakka. Kuma da muryata aka buɗe musu ƙofa. Wata mata ta yi ta danna mini hon tana son gurbi, ban ko juya ba.

Na kira Habibu nan take, kuma ban yi masa da daɗi ba. Na zage shi, na ce ya yaudare ni, ya ci amanar Inna. Shi ma ya taso. Ya rantse bai yaudare ni ba, shi ya ɗauka na gane, yaron goye ma ya san mece ce fartanya yanzu. Na yarda da shi, domin Habibu bai iya ƙarya ba. Sai ya faɗi wadda ta soke ni.

“Kai kana can cikin sanyi da bindigarka a kugu. Mu aka kora kamar awaki. Ni na ɗauko gawar Sanusi, Yaya, ba kai ba.”

Na mayar da kiran na bidiyo. Na nuna masa kuguna, na juya masa hagu da dama. Na ɗaga usur ɗin, na ɗaga oba-oba, na nuna masa layin motoci da kwalta tana tururi. Na ce ga bindigar yayanka, ga sanyin da yake sha. Na ce ban da amsar abin da aka yi mana, ban san ranar da za a koma gida ba, amma na san Inna ba ta da wani ɗa a kusa sai shi. Ya kalle ni, idonsa jawur, ya kashe wayar.

Na koma ɗaki da yamma kamar wanda aka yi wa duka. Na ce wa Baba Seidu zan ajiye aikin in tafi. Ya ce da wane tikiti, kuma kafil, wato ubangidan da ke riƙe da takarduna, zai sake ni kafin jibi? Ya haɗa mini shayin karak mai kauri, ya bari na sha rabi, sannan ya tambaye ni da sunan wa gwamnati ta ba da kuɗin. Na ce Inna.

“To mamanka ne mai kuɗi. Shi ya san fartanya, ko shi ma bai sani ba?”

Ban so gaya mata ba. Hawan jini gare ta, kuma mu maza mun saba ɓoye wa iyaye mata abu muna cewa tausayi ne. Amma jibi jibi ce. Na kira ta ta wayar maƙwabciyarta, na faɗa mata tiryan-tiryan, ina jiran kuka. Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni sunayen sauran yaran, ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya, duk ta san iyayensu, tabarma ɗaya suke kwana a kai a makarantar. Sannan ta ce, “Fartanya ya ce mini. To fartanya zan karɓa.”

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma an ba ni labarinsa ta baki da yawa har ina iya zana shi. Da hantsi mata biyar suka yafa mayafi suka nufi bayan kasuwa, Inna a gaba. Suka shimfiɗa tabarma a bakin rumfar Kawu Ummaru, inda mace ba ta saba zama ba, suka ce sun zo karɓar fartanyunsu. Mutane suka fara taruwa. Inna ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce gwamnati ta ba su tallafi, sun ba 'ya'yansu su kawo wa maƙeri aikin fartanya, ga fadama tana jira, su ba za su tashi ba sai da kayansu. Babu wanda ya isa ya ce mata ba wannan fartanyar ake nufi ba, domin faɗin haka a tsakiyar kasuwa daidai yake da kiran hukuma da bakinka.

Kawu, wanda dama mafita yake nema, ya ce ai haka ne Hajiya, aiki ya kusa. Ya tura abin da ya fara ƙerawa can ƙarƙashin buhu, ya jawo ƙarfe ya sa a wuta. Yaran suka iso da gudu, suka tarar da iyayensu zaune ana ta yi musu sannu. Aka ce Habibu ya tsaya kamar an dasa shi. Inna ta dube shi ta ce tunda ya zo, ya kama wa Kawunsa zugazugi, kuma kuɗin iri a miƙo mata, ita za ta zaɓa da kanta gobe, ta fi shi sanin mai kyau. A gaban jama'a ya zaro su daga aljihu ya ba ta.

Ni kuwa ina Gharrafa, waya a aljihun riga tana ta motsi, ina satar dubawa. Da maƙwabciyar ta turo hoton Habibu durƙushe yana zuga wuta fuska a murtuke, na daka tsalle na hura usur ba dalili. Wani Bafilipine da muke aiki tare ya rugo yana tambaya ko an yi karo ne. Na rungume shi, na saya masa lemo, har yau bai san dalili ba.

Ba duka aka samu ba. Ɗaya daga cikin yaran, Nura, ya fizge rabon uwarsa ya bar gari a ranar. An ce an gan shi da wasu 'yan sa-kai, daga nan labarinsa ya yanke. Uwarsa tana nan tana noma tare da su Inna, ba mai ambaton sunansa a gabanta. Kuma ƙauyenmu har yanzu kufai ne, wannan ba ni da abin da zan ce a kai.

Habibu ya yi fushi da ni na tsawon lokaci. In na kira ya miƙa wa Inna. Amma ya shiga fadamar, tun yana yi da haushi har ya koma yi da gaske, suka yi albasa da barkono da masara. Ni kuma na hana Baba Seidu sakat. Duk inda ya kai kaya sai ya tambaya wa Habibu ko ana neman direba, har Allah ya sa wani mai gidan gona a Rayyan ya ce a kawo. Wannan karon ba ejan, dattijon da kansa ya tsaya aka karanta kowane layi kafin a sa hannu. Inna ta ce ya tafi, yanzu tana da abin yi da abokan yi. Aikin da aka yi mini alkawari aka hana ni, ƙanena ya samu.

Ranar da ya sauka na je tarbarsa da kakina, da gangan. Ya fito yana haki saboda zafi, ya rame, ya yi baƙi. Muka tsaya muna kallon juna. Ya miƙo hannu, na kama, tafinsa ya yi kanta kamar bayan ƙwarya. Sai ya sa ɗan yatsa ya taɓa usur ɗin da ke rataye a wuyana ya ce, “Ranka ya daɗe, kwamanda.” Na kai masa duka a ƙeya, muka fashe da dariya, daga nan kuma ban san wanda ya fara kuka ba.

A Matar Kadim Baba Seidu ya dafa shinkafa da wake yana jiranmu. Habibu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya buɗe jaka ya fito da wata robar man shafawa da aka wanke aka ɗaure bakinta da leda. Yaji ne, Inna ta daka da barkonon gonarsu, ta ce a ba dattijon da ya iya gaisuwa. Baba Seidu ya buɗe ya shinshina, ya barbaɗa da yawa don ya nuna mana shi ma namiji ne. Loma ɗaya ya kai, idonsa ya kawo ruwa, ya shiga laluben gorar ruwa yana fifita baki da hannu.

“Massa,” ya ce da ƙyar, “wannan fartanya yana da kunama.”

Habibu ya sunkuyar da kai yana dariya, ya jawo kwanon gabansa, ya ƙara yajin.